Kaset-Kaset ɗin Motar Mahaifina: Ta Yaya Zan Mayar da Su Cikin Waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun tashi mun tarar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da mota ƙirar Peugeot 504, kuma a duk tafiyar da muka yi muna yara kaset huɗu ne yake ta juyawa, har mu da ke kujerar baya muka haddace su. Kwanan nan na tsince su a cikin wata tsohuwar jaka, ɗaya ma akwai muryarsa a ƙarshensa. Ta yaya zan kwafe su zuwa waya ba tare da na lalata su ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta masa. Shawarata ta farko ita ce kada ɗoki ya sa ka jefa su cikin duk rediyon da ka samu, domin kaset ɗin da ya yi shekaru yana shan zafin cikin mota, sannan ya yi wasu shekarun a ajiye, bai da tabbacin zai jure a kunna shi sau da yawa. Ka ɗauka cewa karo na farko da za ka saurara shi ne karon da za ka naɗa.

Kamfanin Philips ne ya fito da irin wannan kaset a 1963. Zarensa roba ce siririya mai faɗin milimita 3.81 da aka shafa wa garin maganaɗisu, tana wucewa a kan ƙarfen da masu gyara ke kira hed da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa. Kafin komai, ka ɓalle ƙananan haƙoran nan biyu da ke saman kaset ɗin, don ko hannunka ya taɓa maɓallin naɗi bisa kuskure, muryar mahaifinka ba za ta goge ba. Sannan ka zura biro a ramin ka juya a hankali. Idan ya cije, kada ka tilasta shi. Ka kuma leƙa bayan zaren ta tsakiya, akwai wani ɗan soso da ke danna shi a jikin hed. Yakan faɗi idan gam ɗinsa ya bushe, kuma rashinsa ne ke sa sauti ya dusashe. Kaset mai kusoshi ana iya kwance shi a mayar da zaren cikin gidan wani mai lafiya.

Rediyon kuwa, ka goge hed ɗinta da ƙaramar tayar robar da ke jan zare da auduga da ɗan sifirit, domin tayar da ta yi datti ce ke tauna zare. Ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba.

Daga nan sai ka haɗa kafar iyafis ta rediyon da kwamfuta. Kafar makirfo ta yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ɓangare ɗaya take ɗauka kuma tana fasa sauti, don haka na fi son ƙaramar na'urar sauti ta USB mai kafar shigarwa. Ka naɗa da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka saita ma'aunin ingancin naɗi a kan 44.1 kHz, ka rage ƙarar har layin da ke nuna ƙarfin sauti ya daina taɓa ja. Kaset mai lamba C60 minti 30 ne kowane gefe, kuma haka za ka zauna ka jira shi. Ka ajiye asalin a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, wanda ke cin kusan megabayit 10 a minti ɗaya, sannan ka fitar da MP3 don waya da tura wa 'yan'uwa.

Game da tace sauti, ra'ayina shi ne a sassauta. Manhajar tana iya rage shuwar da ke bayan waƙa, wato ƙarar "shuu" ɗin kaset, amma idan aka matsa, murya kan koma kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Wataƙila ma ka ji shuwar ta fi yadda ka sani, saboda a wancan lokacin rugugin inji da iskar taga ne ke rufe ta. Ka tace kwafi idan kana so, amma asalin ka bar shi yadda yake, har da ƙarar danna maɓallin da ta zo kafin mahaifinka ya fara magana, ka ajiye shi a wurare biyu daban.