Amsa ga Hajiya kan yaro da littattafan zane

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na sami natsuwa. Kin ce ɗanki yana aji CE2, wato aji huɗu na firamare, a Marwa, ba ya taɓa littafi sai an tsaya a kansa, kuma ƙanenki da ya iya zane yana so ya sa jarinsa a buga labaran zane, waɗanda muke kira bede. Ni malamin firamare ne a Garwa, nan Kamaru, shekarata 14 a aji, kuma na taɓa sa kuɗina a wannan harka, don haka abin da na gani zan faɗa miki.

Yaranmu suna ɗauke da kaya mai nauyi. A gida Hausa, a titi da kasuwa Fillanci, a makarantar allo Larabci, a boko Faransanci. Yaro ɗan shekara 8 ka miƙa masa shafi cike da baƙaƙe cikin harshen da ba ya ji sai a bakin malami, dole gabansa ya faɗi. Bede tana rage masa wannan tsoro, domin hoton ya riga ya gaya masa rabin zancen. Akwai wani yaro a ajina da ko sunansa na kira don karatu sai ya sunkuyar da kai. Wata rana na ba shi shafi ɗaya mai gida shida, wato hotuna shida a jere, akuya ta ɓalle a kasuwa tana ture tiren mai ƙosai. Na ga ya ɗora yatsa a kan maganar mai ƙosan, leɓensa na motsi, yana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, saboda yana son ya san abin da matar ta ce wa mai akuyar. Ban sa shi ba. Har yau in na tuna sai in ji daɗi a raina.

Ga yadda za ki yi a gida. Bayan magariba ki zauna da shi a tabarma, ki rufe rubutun da babban yatsanki, ki ce ya faɗa miki da Hausa abin da ke faruwa a hoton. Sannan ki buɗe ku karanta tare, ke ki ɗauki muryar mutum ɗaya, shi ya ɗauki ɗayan. In labari ya kai inda ya fi daɗi, ki ce za ki duba tukunya, ki bar littafin a nan. Kada ki yi masa tambayoyi irin na jarrabawa bayan an gama, yana jin ƙamshin makaranta zai gudu. Mu ma haka muka taso, mujallar Kouakou da ta fara fitowa a 1966 ita ce ta koya wa da yawanmu son karatu, kwafi ɗaya ya zagaya unguwa har bangonsa ya cire.

Wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi za ki samu da araha, amma ki duba kowane shafi kafin ki ba shi, don ba kowace bede aka yi wa yara ba. Na Japan da ake kira manga daga dama ake fara su, kuma na lura 'yan allo ba sa ruɗewa da wannan ko kaɗan. Maganar hoto a addini kuwa, na san tana damun iyaye da yawa, kuma ba abin rainawa ba ce. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun sassauta ga abin koyar da yara, suna kafa hujja da 'yartsanar da Nana A'isha ta yi wasa da su. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, hankalinki ya kwanta.

Sai ƙanenki. Don Allah ki ce masa kada ya fara da maɗaba'a. Ni da wani abokina mai zane mun tara kuɗi muka aika aikinmu Duwala, kwafi 500 masu launi. Mun biya kuɗin bugu, mun biya na ɗauko kaya, da kwalin ya iso muka buɗe sai muka tarar duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke, wani ɗan akwati ne ya fito a madadinsu, don rubutun da ke kwamfutarsu bai san baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba. Wanda ya buga ya ce ba laifinsa ba ne. Farashin da za mu mayar da kuɗinmu ya fi ƙarfin uban da ke fama da kuɗin makaranta, rabin kayan suka kwana a ɗaki har gara ta shiga. Abin ya yi mini ciwo sosai, domin kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba.

Da muka dawo hayyacinmu sai muka koma baƙi da fari. Takarda A4 guda 4, a buga gaba da baya, a naɗe biyu, a ɗinke tsakiya da waya, ka sami ɗan littafi mai shafi 16. Shi ya sa shafukan dole su zo huɗu-huɗu. In fotokofi dala biyar ne fuska ɗaya, wato sefa 25, fuska 8 ta tashi sefa 200, ban da bango. Kwafi 30 muke yi, mu kai wa shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye, in sun ƙare mu ƙara. Ya zana layinsa da kauri, siririn layi injin cinye shi yake. Ya rubuta maganar da hannunsa, kafin ya zana da'irar da za ta kewaye ta, kuma ya gwada wa yara biyar su karanta a gabansa. Duk gidan da suka tsaya suna kallon juna, wannan gidan gyara yake so.

Ribar sayarwa kaɗan ce, gaskiya. Abin da ya fi kawo kuɗi shi ne aikin da ƙungiyoyi da asibitoci ke bayarwa na wayar da kai, kan rigakafi, zazzaɓin cizon sauro ko karatun 'ya mace, kuma ba sa ba wanda bai da abin nunawa a hannu. In an ba shi, a rubuta yarjejeniya, ya karɓi rabin kuɗi tukuna, a kuma fayyace wa ke da zanen bayan an gama. Kada ya saki aikin da yake ci da shi yanzu. Ya riƙa sa shafi ɗaya duk mako a Facebook da WhatsApp, masu so su biya ta waya, ta Orange Money ko MoMo. Akwai kuma bikin masu bede, Mboa BD, da aka fara a 2010, ana yin sa a Yawunde da Duwala, in ya sami hali ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundere ya je ya ga yadda 'yan kudu ke aikinsu.

Labarin farko ya ɗauko shi daga ƙofar gidanku: yara na wasa a yashin mayo, wato kogi, da rani, mai babur, tsohuwa mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. In ya gama shafuka 4 na farko, ɗanki ya fara ba wa, ki zauna kusa ki ga inda yatsansa zai tsaya. Ki turo mana hoton shafukan a nan, zan duba masa rubutun in Allah ya so.