Za a ɗebi jinin ƙanena don bincike: sa hannuna ya wadatar?

Tambaya: Barista, ƙanena ɗan shekara 24 ne, yana da raunin fahimta tun haihuwa. Masu binciken kimiyya sun zo asibitin da muke kai shi, suna so su ɗebi jininsa. Takardar Turanci suka miƙo mini in sa hannu a madadinsa, shi kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Me doka ta ce?

Amsa: Malama, kada ki sa hannu tukuna. Sashe na 32 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana yin bincike a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce, bayan an bayyana masa manufar aikin da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa. Ƙanenki baligi ne, kuma raunin fahimta bai ƙwace masa bakin magana ba. Wajibinsu ne su zauna da shi, su yi masa bayani da Hausa, a hankali, ko da hotuna ne. Rashin kallonsa da suka yi shi ya fi damuna.

Sai in an tabbatar ba zai iya gane abin ba ake komawa ga waliyyi. Ko a nan ma, ƙa'idojin Helsinki, waɗanda likitocin duniya suka shimfiɗa tun 1964, sun ce a nemi amincewarsa gwargwadon fahimtarsa. In ya janye hannunsa ko ya ce a'a, magana ta ƙare, sa hannunki ba ya danne ƙinsa. Ba kuma a saka irinsa a binciken da ba zai amfane shi ko masu larura irin tasa ba.

Kano ta ɗanɗana wannan a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75.

Ki nemi su nuna miki takardar izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike, su ba ki kwafin takardar yarda da Hausa, su faɗi inda za a kai jinin da wanda zai ga sakamakon. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tsananta kan sirrin lafiya. In kun ƙi, ba a isa a hana shi magani ba, kuma in kun shiga kuna iya fita duk ranar da kuka so.

In sun riga sun ɗebi jinin ba da izini ba, ki rubuta ƙorafi ga kwamitin asibitin, sannan NHREC, kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya a Abuja. Kina kuma iya shigar da ƙara a Babbar Kotu a madadinsa, ƙarƙashin sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki da ya kare mutuncin ɗan Adam.