Tambaya da Amsa: Oga wane injin walda zan fara saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, da fatan ana lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, shekara biyu ke nan ina koyon walda a shagon maigidana kuma yanzu na ɗan tara wani abu ina so in sayi injina na kaina ko da a ƙofar gida ne in riƙa karɓar ƙananan ayyuka irin su taga da ƙyaure da gyaran kujeru. To na shiga kasuwa kaina ya ɗaure, wani ya ce in sayi babban taransifoma haɗin gida wai shi ne baya mutuwa, wani kuma ya nuna min ɗan ƙarami mai kamar jaka an rubuta 400 a jikinsa wai shi ne yayi yanzu. Wanne zan ɗauka? Daga ƙaninka a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi wa neman albarka. Amma ka ga a duk wasiƙar nan baka faɗa min abu ɗaya da na fi son ji ba, wato wace irin wuta kake da ita a wannan ƙofar gidan. Domin daga nan ake fara lissafi, injin walda dai bai ƙirƙirar wuta, abin da ka bashi ne yake juyawa ya baka.

Bari mu fara da wannan 400 ɗin da aka nuna maka. Idan inji zai fitar da amfiya 400 da gaske to yana buƙatar wajen wat 14,000 a bakin ilektarod kaɗai, wato sandar da ake ƙonawa a yi walda, ita kuwa soket ɗin bango ta amfiya 13 a kan wutarmu ta 230 abin da take iya ɗauka bai wuce wat 3,000 ba. To ka faɗa min ta ina sauran zai fito? Fenti ne kawai ɗan uwa, lamba ce aka buga don ta ja ido, da yawa irin waɗannan in an auna su ko rabin abin da aka rubuta basa kaiwa. Ba wai duk ƙaramin inji ne na banza ba, a'a, ni kaina shi nake ɗauka in zan fita aiki, kawai dai kar lambar ta ruɗe ka ka biya kuɗin doki a baka jaki.

Kuma ma me zaka yi da 400? Aikin da ka lissafa, taga da ƙyaure da kujera, duk sikwaya fayif ne da angul da falat-ba, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ƙarfen da kaurinsa da wuya ya wuce milimita 3. Ilektarod geji 12, wato mai milimita 2.5, yana ci ne tsakanin amfiya 60 zuwa 90, shi kuma geji 10 mai milimita 3.2 daga 90 zuwa wajen 130. Shi ke nan fa. Inji mai amfiya 160 na gaskiya ya ishe ka har ka yi kyauta, in ka samu 200 na gaskiya to falillahil hamdu.

Yanzu batun taransifoma da inbata, wato wannan ɗan ƙaramin mai kamar jaka. Taransifoma haɗin gida irin wanda ake naɗawa a wurare kamar Panteka ta Kaduna gaskiya jarumi ne, ba ruwansa da ƙura ba ruwansa da bugu, in ya ƙone ma mai naɗin waya zai sake naɗa maka shi. Amma nauyi gare shi kamar me, sai mutum biyu ko baro, ga shan wuta, kana ɗosana ilektarod fitilun maƙwabta za su fara lumshe ido, kuma ka san unguwa, kwana uku ba za a yi ba sai an kai ƙararka wajen mai unguwa. Sannan idan wuta ta zo da rauni sai ka ga ilektarod yana ta manne wa ƙarfe kana fizga kana tsaki. In kuma shi ɗin ka nace sai ka saya to ka sa a buɗe maka ka ga wayar da idonka, ka ɗan kankare ta da wuƙa, in cikin ja ne jan ƙarfe ne, in ya fito fari to alminiyom ne aka shafa wa launi kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ni dai ga mai farawa irinka inbata nake cewa. Kilo biyar ko shida ne ka rataya a kafaɗa ka hau babur ka je gidan mai aiki, baya cin wuta kamar wancan, wutarsa DC ce, irin ta batir, mai laushi tana kamawa da sauƙi, kuma kana murɗa ɗan maɓalli ka rage ta daidai yadda ba zaka huda siririn fayif ba, wanda kuwa ya taɓa ɓula ƙyauren mutane yana ta cikon rami har magariba ya san darajar wannan maɓallin. Lagonsa biyu, ƙura da wutar da ke hawa da sauka. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe shi kana hure ƙurar da iska bayan ka cire shi daga wuta ya huta, kuma kar ka kuskura ka ajiye shi kusa da inda kake gurza ƙarfe, fankarsa tana zuƙe garin ƙarfen nan ya kwanta a kan fanel, wato allon kayan wutar da ke cikinsa, ni haka na rasa nawa na farko, ina cikin aiki na ji fat sai ɗan hayaƙi da wari shi ke nan. Shi ya sa kafin ka biya ka tambayi masu gyara a garinku wane iri ne suke samun kayansa, amsarsu ta fi ta mai shago amfani.

A bayan injin ko a ƙasansa akwai ɗan allo mai layi-layi, duba inda aka sa X da kaso. In ka ga 60% a saman 160A ma'anarsa a cikin minti 10 zai yi aiki minti 6 a wannan ƙarfin ya huta 4, kuma a zafinmu na watan Afrilu ka ƙara masa hutun. Injin da ba shi da wannan allon kwata-kwata ka ajiye musu kayansu. Ka kuma je da guntun ƙarfe da ilektarod samfurin 6013 geji 10 guda uku a aljihu ka ce a jona maka, ka ƙone su a jere, in ya cinye su bai kashe kansa ba to da dama-dama.

Kar ka zuba duk kuɗin a inji. Wayoyin da ke zuwa a kwali yawanci gajeru ne kuma sirara, zaka buƙaci na kirki da holda mai kyau ta riƙe ilektarod, ga giranda ta gurza ƙarfe, ga safar hannu ta fata, ga uwa uba garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Wannan baƙin tabarau na gayu da yaran shago ke sawa wallahi ba ya tare komai, da dare zaka tashi ido kamar an zuba maka yashi hawaye na zuba, fatar fuska ma tana ƙonewa.

TAMBAYA: Malam ina da ƙaramin janareta irin na kallon ƙwallo, zai ja injin walda? Daga Maraɗi.

AMSA: Ba zai ja ba ɗan uwa, wannan ko wat 1,000 bai kai ba, shi kuwa geji 10 kaɗai a amfiya 100 yana neman kusan wat 3,000. Nemi mai kVA 6 zuwa 7 mai AVR, wato na'urar daidaita wuta, ka tada shi ya daidaita tukuna sannan ka kunna injin waldar, in zaka tashi kuma injin waldar zaka fara kashewa.

TAMBAYA: Oga na ga a TikTok Turawa suna walda da wani mai kamar bindiga ɗinki tsaf babu ɓawo, shi ba zai fi ba? Daga Zariya.

AMSA: MIG ke nan, yana da daɗin aiki ba ƙarya, amma sai da tukunyar gas da naɗin waya, kuma kai a bakin titi kake aiki, iska kaɗan ta kaɗa ta kwashe gas ɗin sai ɗinkin ya fito duk ƙofofi kamar gidan tururuwa. Su a rufaffen shago suke yi. Ka ƙware a ilektarod tukuna, in ka samu shago mai ƙofa da masu kawo aikin siririn ƙarfe da yawa sai ka sake rubuto min mu yi maganarsa.