Tambayoyinku: Karatun Rigakafin Gobara a Kwalejin Shekara Biyu a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana zaune a Amurka, ya gama sakandare, ya ce zai shiga kwalejin al'umma ta shekara biyu ya karanta rigakafin gobara. Ni a sanina aikin 'yan kwana-kwana riƙe mesa ne da hawan tsani. Har wannan sai an je kwaleji?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Sana'a biyu ce ka haɗa wuri ɗaya, kuma da yawa daga ɗaliban ma haka suke yi sai sun shiga aji. Mai kashe gobara yana zuwa bayan wuta ta tashi. Mai rigakafi aikinsa kafin ta tashi ne: ya karanta zanen gini tun ba a aza tubali ba, ya zagaya makarantu da otal da masana'antu, ya rubuta abin da ya saɓa doka, ya dawo ya ga ko an gyara. Littafin doka ya fi mesa yawa a hannunsa.

Karatun shekara biyu ne, kimanin kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga darussan da ɗalibi ya kammala), wani kaso nasa Turanci ne da lissafi da kimiyya. Kwalejoji da dama suna bin tsarin darussa da ake kira FESHE na Makarantar Kashe Gobara ta Ƙasa da ke Emmitsburg a jihar Maryland. Ginshiƙansa shida ne: yadda wuta ke kamawa da yaɗuwa, yanayin gine-gine idan wuta ta ci su, na'urorin kariya, rigakafin gobara, tushen aikin agajin gaggawa, da tsaron lafiyar ma'aikaci. Kafin ya biya ko dala ɗaya, ya tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai abu uku. Kwalejin tana da amincewar hukumar tantance makarantu? Jami'ar da zai so ƙarasawa tana karɓar kiredit ɗinsu? Sannan kwas ɗin yana shirya mutum ga jarrabawar shaidar aiki?

Tambaya ta ukun ita ce ta fi damunmu, domin takardar kwaleji daban, shaidar aiki daban. Mai neman aikin duba gine-gine yawanci ana tambayarsa shaidar sufeton gobara mataki na ɗaya, ko ta ICC, ƙungiyar da ke tsara dokokin gine-gine, ko ta jiharsa. Jarrabawar ICC da littafi a buɗe ake yin ta, amma kada wannan ya ruɗe shi, lokaci ba ya isar wanda bai saba da inda kowane babi yake ba. Idan kuwa shaidar jiha ce, ya duba ko tana da hatimin IFSAC ko Pro Board, hukumomi biyu masu tantance irin wannan shaida, su ne ke sauƙaƙa karɓarta idan ya koma wata jihar.

In kuma zuciyarsa tana ga motar kashe gobara ne, hanyar ta bambanta. Sai ya shiga makarantar horon 'yan kwana-kwana, sau da yawa ya haɗa da shaidar ma'aikacin jinyar gaggawa, ya kuma ci gwajin ƙarfi. Wanda aka fi sani shi ne CPAT: ayyuka takwas a jere cikin minti 10 da daƙiƙa 20, sanye da riga mai nauyin fam 50, a ƙara masa fam 25 a lokacin hawan bene. A wasu garuruwa ba a zama sufeto sai an yi shekaru a mota, a wasu kuma farar hula ake ɗauka kai tsaye. Ya karanta tallan aikin garin da yake so tun yanzu, shi zai nuna masa kwas ɗin da ya dace.

Tambaya: Ni mace ce, ina sha'awar aikin duba gine-gine. Don Allah me ake dubawa takamaimai idan an shiga gini?

Amsa: Malama, abin da ake fara dubawa shi ne hanyar fita, domin nan rayuka suka fi salwanta. A 1911 ma'aikata 146 suka mutu a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, akasarinsu 'yan mata, kuma ƙofar da aka kulle tana cikin dalilan. A 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa da ake kira Station a jihar Rhode Island, inda tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka manna a bango, babu na'urar yayyafin ruwa, jama'a kuma suka cunkushe a ƙofar gaba. Dokokin da za ki haddace daga irin waɗannan ranaku suka fito, shi ya sa ba ma son ɗalibi ya ɗauke su a matsayin lambobi kawai.

Za ki lissafa yawan mutanen da ɗaki zai ɗauka. Zauren da ke da tebura da kujeru ana ba kowane mutum murabba'in ƙafa 15, mai kujeru zalla kuma 7. Ke nan zaure mai murabba'in ƙafa 1,500 da tebura mutum 100 ne. Da zarar adadin ya kai 50, dole ƙofa ta buɗe zuwa waje, saboda taron da ya firgita yana danna ƙofa ne, ba wanda zai iya ja da baya ya buɗe ta ciki. Faɗin da ake wucewa a ƙofar kada ya gaza inci 32. Fitilun gaggawa su iya ci na minti 90 bayan an ɗauke wuta.

Sai kawunan yayyafin ruwa da ke silin. Kowanne yana da ɗan kwalba mai ruwa mai launi, zafi ne ke fasa shi: ja a digiri 68 na Salsiyas, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Kan da zafi ya kai shi kaɗai ke buɗewa, ba duka gini ba. Matsalolin da ake yawan tararwa su ne mai fenti ya shafe kan, ko an tara kwalaye har sun kusa taɓa shi, alhali doka tana son sararin inci 18 a ƙasansa don ruwan ya bazu. Mafi muni shi ne a rufe babban bawul don gyara a manta ba a buɗe ba. Bututu yana nan, kawuna suna nan, amma ranar da wuta ta tashi ko ɗigo ba zai fito ba.

Tukwanen kashe gobara kuma ana leƙa su duk wata, ƙwararre ya duba su duk shekara. Littattafan da za ki zauna da su su ne na NFPA, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin kariyar gobara: lamba 101 kan tsira da rai, 13 kan kafa na'urar yayyafi, 25 kan kula da ita, 72 kan ƙararrawa, 10 kan tukwane. Ki kula da bugun da garinki ya amince da shi, ba lallai ne ya zama sabon ba. Rubuta wa mai gini laifi da sashen da bai zama doka a wurin ba kuskure ne da ke zubar da mutuncin sufeto.

Tambaya: Lissafi yana ba ni wahala. Zan iya wannan karatun?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, in ka riƙe aljabara ta sakandare. Ga irin abin da za ka gamu da shi: ruwan da kan yayyafi ke fitarwa shi ne lambar kan (ma'aunin girman bakinsa) a ninka da tushen murabba'in matsin ruwa. Kai mai lamba 5.6 a matsin fam 7 kan kowane murabba'in inci yana ba da kusan galan 15 a minti. Wanda ya ji daɗin irin wannan ya nufi kamfanonin zana da kafa na'urori, inda shaidar ƙwarewar masu aikin fasaha ta NICET mai matakai huɗu ke da daraja, kuma tana buƙatar shekarun aiki ban da jarrabawa. Injiniyan kariyar gobara shi ne ke son lissafi mai zurfi, ana yin digirinsa na farko a Jami'ar Maryland. In nan ka nufa, ka ɗauki darussan kalkulas da fiziks tun a kwaleji, domin kwasa-kwasan sana'a ba duka ake ƙirgawa a digirin injiniya ba.

Tambaya: Wanda ya je da bizar ɗalibi zai samu aiki a hukumar kashe gobara bayan ya gama?

Amsa: Da wuya, kuma gara ka sani tun kafin ka kashe kuɗi. Hukumomin birane suna neman ɗan ƙasa ko mai cikakken izinin aiki, bizar ɗalibi ta F-1 kuwa watanni 12 na aikin koyon sana'a take bayarwa bayan kammalawa. Kuɗin makarantar ɗalibin waje ma ya fi na ɗan jiha nesa ba kusa ba. Waɗannan watannin sun fi amfani a kamfanin da ke gwada ƙararrawa da na'urorin yayyafi, ko sashen kiyaye haɗari na asibiti ko masana'anta, kuma sai ka nemi izinin ta hannun jami'in ɗaliban waje na kwalejinka kafin ka fara aiki.