Days of Thunder: inda aka yi kuskure, da inda ake zargin fim ɗin a banza

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka kalli Days of Thunder, ka ga gefen motar Tom Cruise ya lotse, jim kaɗan kuma ka gan ta sumul kamar yanzu ta fito daga wurin fenti, kana tambaya ko idonka ne, kuma wai da gaske haka ake tseren motoci na NASCAR a Amurka. Idonka lafiyarsa ƙalau. Ni bakanike ne, fiye da shekara 20 ina aikin giya da kuloci. Tun a kaset na fara kallon fim ɗin nan, shi ne ma ya ja ni na riƙa bin ainihin tseren, har yau kuma ina ƙaunarsa. Don haka bari in faɗa maka abin da na gani da abin da na sani.

Maganar lotsewa da gyaruwa ba ta da wuyar ganewa. An fara ɗaukar fim ɗin a ƙarshen 1989, aka sake shi a watan Yuni na 1990, ana ɗauka ana rubuta sauran labarin. Sannan hotunan tseren iri biyu ne aka cakuɗa. Akwai waɗanda aka shirya da direbobin fim, akwai kuma na ainihin gasa. Kamfanin Hendrick Motorsports ne ya tanadi motocin, aka saka su cikin tseren Phoenix na 1989, inda Bobby Hamilton ya tuƙa mai lamba 51 har ya ja gaba na ɗan lokaci. A gasar Daytona 500 ta 1990 ma an bar motocin fim biyu sun bi sahu a farkon tseren, ba tare da an lissafa su cikin 'yan takara ba. To idan mai tace fim ya zauna da hoton wata ranar da na wata ranar, da motoci da yawa masu fenti iri ɗaya, ga lokaci ya ƙure, dole ɗinkin ya nuna. Ni na taɓa zama da kwamfuta ina tsayar da hoton ina matsawa kaɗan-kaɗan. Ka sa ido kan baƙin zanen da tayar wata mota ke bari a jikin ƙofa, ka sa ido kan motocin da ke bin Cole Trickle (direban da Tom Cruise ya fito a matsayinsa) a baya, za ka ga suna sauyawa tsakanin yanka da yanka. Wannan bai taɓa ɓata mini rai ba, aikin gaggawa ne kawai.

Abin da ke damuna shi ne hannun nan da ke kan sandar giya. Duk sanda ake son nuna Cole zai wuce wani, sai a nuno hannunsa ya finciki giya, ƙafa ta danne totur, inji ya yi kururuwa, mota ta yi tsalle gaba. A Daytona babu wannan. Filin mil 2.5 ne, kwanoninsa a karkace suke da digiri 31. Motocin wancan zamani giya huɗu gare su. Direba yana tashi zai hau ta huɗu, kuma nan zai zauna, ƙafarsa a ƙasa, sai dai idan zai shiga layin gyara ko an ɗaga tutar rawaya, wato alamar a rage gudu saboda hatsari. Babu sauran totur da ya ɓoye don ranar buƙata, tun farko ya taka shi har ƙarshe. Ni da nake buɗe giyabos kullum, tsigar jikina tashi take idan na ga wurin nan, domin mutumin da ke gudun kusan mil 190 a sa'a ya dawo giya ta uku, injin zai zarce juyin da aka ƙera shi ya ɗauka, bawul ya haɗu da fistin, shi ke nan an gama. Ana canza giya sosai a filaye masu kwana hagu da dama irin Watkins Glen da Sonoma, amma ba a Daytona ko Talladega ba.

Akwai ƙarin dalili. A 1987 Bill Elliott ya yi gudun mil 212.809 a sa'a a Talladega wajen neman gurbin tashi. A tseren ne motar Bobby Allison ta tashi sama ta yage shingen da ke kare 'yan kallo. Daga 1988 sai NASCAR ta tilasta a saka wani faranti mai huda huɗu a ƙarƙashin kafireta a waɗannan filaye biyu, don rage iskar da inji ke shaƙa. Duk bakaniken da ya taɓa toshe bakin kafireta da tafin hannu ya san abin da ke biyo baya: inji ya shaƙe. Da farantin nan ƙarfin motoci ya zo kusan ɗaya, suka koma tafiya a dunƙule kamar garken shanu. Wanda ya fita daga layi shi kaɗai, iska za ta buge shi ya koma baya yana kallo ana wuce shi. Saboda haka yadda aka nuna Cole a tseren ƙarshe yana tsinke motoci ɗaya bayan ɗaya daga can baya, shi kaɗai babu mai tura shi, wannan tatsuniya ce.

Abin takaicin shi ne fim ɗin ya san gaskiyar. Akwai wurin da Cole ke yi wa likitar nan da Nicole Kidman ta fito a matsayinta bayani da ƙunshin sukari guda biyu, yadda mota ta gaba ke tsaga iska, ta baya ta lafe a jikinta ta huta, su biyun su fi mota ɗaya gudu, sannan ta bayan ta fice ta wuce a daidai lokaci. Bayanin nan daidai yake. Da wannan dabarar Junior Johnson ya ci Daytona 500 a 1960 da motar da ba ta kai na abokan hamayyarsa gudu ba. Haka ma darasin da Harry Hogge, shugaban bakanikensa da Robert Duvall ya fito a matsayinsa, ya koya masa kan taya, cewa wanda ya ci zalin taya a zagayen farko zai biya a zagayen ƙarshe. Nan ne ainihin gwanintar direba take, haƙuri da lissafi da sanin wanda za ka bi da lokacin da za ka rabu da shi. Amma da aka zo nuna nasara sai aka fifita hannu kan giya, don shi ne ido ke gani da sauri. Yaran garejinmu da suka kalla, abin da suka ɗauka shi ne mai zafin hannu ke cin tsere. Na sha zama in zana musu a ƙasa da sifana yadda iska ke bin mota kafin su yarda.

Bugun juna ma an zuzuta shi. Gogayya akwai ta, musamman a ƙananan filaye irin Bristol da Martinsville masu kimanin rabin mil, inda ake zungurin bamba don a buɗe hanya. Amma a babban fili, lotsewa kaɗan a gefen gaba ta isa ta ɓata yadda iska ke bin mota, ko ƙarfe ya shiga taya ya yanka ta. Direban da ya riƙa dukan motar wani da gangan sau uku sau huɗu a zagaye ɗaya, baƙar tuta za a ɗaga masa a fitar da shi.

Yanzu ga inda nake kare fim ɗin, don na ga matasa suna lissafa waɗannan cikin kurakurai. Suna cewa ya za a yi mota ta shigo layin gyara a guje alhali mutane na tsaye. A lokacin babu dokar iyakance gudu a wurin. Sai da aka rasa ran Mike Rich, ɗaya daga cikin masu canza wa Bill Elliott taya, a Atlanta cikin Nuwamba 1990, sannan aka kafa dokar a 1991. Suna cewa hular kwanon direbobi ba ta rufe fuska ba. Haka da yawansu suke sawa, Dale Earnhardt da irin ta yake tsere har ranar da ya rasu a Daytona a 2001. Suna cewa ana hatsari amma motoci na ci gaba da gudu cikin hayaƙi. Har zuwa 2003 doka ta yarda a yi tsere zuwa layin ƙarshen zagaye bayan an ɗaga tutar rawaya. Wanda ya auna 1990 da dokokin yau zai ga laifi inda babu.

Har wuraren da suka fi kama da ƙarya, wasunsu daga gaskiya aka ɗauko. Cole an gina shi ne kan direba Tim Richmond, Harry Hogge kan shugaban bakanike Harry Hyde, mai motar kuma kan Rick Hendrick, wanda City Chevrolet ɗin da ke jikin mota mai lamba 46 kamfaninsa ne na sayar da motoci a Charlotte. Wurin da direba ke neman shigowa gyara a ce masa ya dakata ana shan askirim, Hyde ya yi wa Benny Parsons haka a Darlington a 1987. Tseren da Cole da abokin hamayyarsa Rowdy suka yi da motocin haya har suka ragargaza su, daga labarin Curtis Turner da Joe Weatherly ne, direbobin shekarun 1950.

Idan kana son ganin bambancin da idonka, nemi bidiyon Daytona 500 ta 1990, wadda motocin fim suka bi sahunta. Lura da yadda motoci ke jerawa hanci a bayan bamba, ka kasa kunne ka ji ƙarar inji ba ta hawa da sauka, muryarta ɗaya zagaye bayan zagaye. Earnhardt ya ja gaba zagaye 155 cikin 200. A zagayen ƙarshe ya taka guntun ƙarfe, tayarsa ta baya ta yanke a kwana ta uku, Derrike Cope da ke laɓe a bayansa ya sulale ta ƙasa ya ci gasar.