Ga ƙanenmu na Idi-Araba mai tambayar kyamara da bikin yayarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka tara 'yan kuɗi, bikin yayarka saura wata biyu, kana son sanin ko ka sayi kyamara ka ɗauki hotunan da kanka, daga nan ka ɗora da sana'a, ko kuwa ku kira masu sutudiyo. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin da rai da lafiya.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina wannan aiki a Agege, uku na farko a matsayin yaron shago mai ɗaukar jaka da riƙe fitila. Shawarata ita ce ku kira masu sutudiyo su ɗauki ɗaurin aure da walima, kai kuma ka riƙe kuɗinka tukuna, ka yi wata biyun nan kana koyon haske da wayar da ke hannunka. Ba a maimaita biki. Idan hoton ɗaurin aure ya lalace, babu wanda zai sake tara maka liman da waliyyai da dangin da suka taso daga Kano ko Sakkwato. Sabon hannu da sabuwar kyamara a rana ɗaya, kasada ce da ba zan so ka yi da ranar yayarka ba.

Abin da ya fi ba sabon mai hoto wahala a bukukuwanmu shi ne baƙar fuska cikin farar shadda. Kyamara, ta waya ce ko babba, ba ta san ango ba. Hasken da ya shigo mata kawai take aunawa, tana ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. To idan farar babbar riga ta cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Rigar ta fito dishi-dishi, fuskar kuma ta nutse cikin duhu har ba ka gane kamannin mutum. Matsalar ma ta daɗe. A shekarun 1950 da hoton wata Baturiya na kamfanin Kodak ake daidaita launi a wuraren wankin hoto, saboda haka tun asali ba da fatarmu aka auna kayan ba. Na'urorin yanzu sun gyaru ƙwarai, amma har gobe sai ka nuna musu abin da kake so.

A waya, ka taɓa fuskar mutumin a kan allo. Za ka ga wata 'yar alamar rana ta fito, ka ja ta sama a hankali har fuskar ta buɗe. Idonka ɗaya yana kan wuyan rigar: da zarar aikin zaren ya fara ɓacewa cikin fari, ka tsaya, ka ɗan dawo baya. A babbar kyamara akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi, shi ke yin wannan aikin. Tsakanin fuska da shadda kullum ciniki ne, kuma idan dole sai ɗaya ya yi asara, to gara rigar.

Amma maganin da ya fi wannan shi ne ka matsar da mutumin. Legas tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa duk shekara rana takan fito wajen bakwai saura ta faɗi wajen bakwai saura, kuma da tsakar rana tsaye take a kan kai. Mu kuwa ɗaurin aurenmu in ba bayan Juma'a ba, to sha ɗaya na safen Asabar ne, daidai lokacin da hasken ya fi muni. Hula ko rawani su jefa inuwa a goshi, idanu su zama ramuka, gumi yana ƙyalli a hanci. Kada ka yi kokawa da irin wannan rana. Ka nemi baranda, ko bakin ƙofar zaure, ko gefen bangon masallaci inda inuwa ta sauka. Ka tsayar da mutum a cikin inuwar, daf da bakinta, fuskarsa tana kallon waje. Hasken da ke shigowa daga fili zai kwanta masa a fuska da laushi, ka ga idonsa yana ɗan walƙiya. Idan gefe ɗaya ya yi duhu, ka ba wani yaro farin kwali ya riƙe a wannan gefen. Ni har yau akwai farin kwali a jakata, kuma ya fi wasu kayan da na saya da tsada yi mini aiki.

Daga biyar da rabi zuwa shida da rabi na yamma hasken yana da daɗi, yana fito da jan da ke cikin fatarmu. Sai dai ba ya jira, magariba a nan saurin rufawa take yi. Ranar da hadari ya lulluɓe gari kuwa, kamar yadda yake yi a watan Yuni da Yuli, kada ka yi baƙin ciki. Gajimare labule ne a kan rana, ko'ina ka tsayar da mutum zai fito da kyau.

Sai kanofi. Duk wanda ya san bikin Legas ya san rumfunan haya masu ja da shuɗi da kore. Hasken da ya ratso jar rumfa yana rina fuska da tufafi duka, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ne. Ka fito da mutane bakin rumfar, ko tun wajen haya ka roƙi a kawo fara, aƙalla inda amarya za ta zauna. Wannan kaɗai idan ka yi wa yayarka, ka taimaki duk wanda zai ɗauki hoton ranar.

Kada ka raina kayan hannunka. Marigayi J.D. Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoton da ya yi mafi yawan rayuwar aikinsa a nan Legas har ya rasu a 2014, da wata 'yar ƙaramar kyamara mai suna Brownie ya fara a 1950. Daga 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson matan Najeriya, hotuna wajen dubu, baƙi da fari, galibi daga baya ko daga gefe, bango babu komai a jikinsa. Yau ana rataye su a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Ka nemo su a intanet ka zauna ka dube su da kyau. Dubi yadda haske ke bin kowane layin kitso, kuma dubi yadda bai bar wani tarkace a bayan matar ba. Darasi na biyu ke nan bayan haske: kafin ka danna, ka duba bayan mutum. Bokiti, igiyar shanya, janareta, turken wuta da ke fitowa daga saman kai. Taku biyu zuwa hagu yakan kawar da su duka. Kuma ka goge gilashin wayarka da gefen riga mai laushi kowane lokaci, rabin hotunan da ake kawo mini masu hazo-hazo maiƙon yatsa ne kawai.

Idan lokacin sayen kyamara ya yi, ta hannu mai lafiya ta ishe ka, Canon ko Nikon, don su ne ake samun batirinsu da masu gyaransu cikin sauƙi. Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba duk akwai masu sayarwa. Ka tafi da wanda ya san kan abin. A duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin kamar mota ce, tana da lissafin tafiyarta. A cire gilashin gaba a haska shi da tocila, idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, ka ajiye musu kayansu. Gilashi na farko da zan ce ka nema shi ne 50mm f/1.8. Yana cikin mafiya araha, yana shan haske sosai a cikin ɗaki, yana kuma narkar da bayan mutum. Lambobi uku kawai ka riƙe da farko: saurin ɗauka kada ya yi ƙasa da 1/125 na daƙiƙa ga mutumin da ke tsaye, 1/250 ko sama idan ana rawa ko ana liƙi, idan mutane sun yi layi biyu ko uku ka tsuke ƙofar gilashin zuwa f/5.6 ko f/8 don na baya su fito. ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ka ɗaga shi ba tare da tsoro ba idan wuri ya yi duhu. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya amfani da shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara.

Wannan saƙar gizo-gizo da na ambata fumfuna ce, kuma ita ce babbar cutar kayan hoto a garin nan. A Arewa ƙura muke tsoro, a Legas laima. Ka bar kyamara cikin jakar fata a kabad wata ɗaya da damina, za ka tarar ta fara. Ka sami roba mai murfi da ke rufewa gam, ka zuba irin 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, can za ta riƙa kwana. Idan ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri zuwa zafin waje gilashin zai yi gumi, ka ba shi 'yan mintuna gumin ya bushe da kansa, kada ka hau gogewa. Bayan aikin bakin teku kuma ka goge jikinta, iskar gishiri tana cin ƙarfe.

Akwai abin da ya same ni a shekarata ta farko da fara zaman kaina, wanda har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Na sayi katin memori mai araha a wani shago, na je bikin suna na ɗauki komai a kansa, tun daga raɗa suna da safe har taron mata da yamma. Na dawo gida katin ya ƙi buɗewa. Ashe jabu ne. Na kai shi wurin masu gyara uku, ba a ceto ko rabi ba. Kakar jaririn daga Katsina ta zo, kuma ba ta sake zuwa Legas ba har Allah ya karɓi abinsa. Na mayar musu da kuɗinsu, amma hoton da take riƙe da jikanta ba ni da inda zan samo musu shi. Tun daga ranar nake raba aiki a kan kati biyu ko uku, kuma ba na kwanciya sai na kwafe komai wuri biyu. Wannan ne dalilin da ya sa na dage ku kira waɗanda suka saba.

To wane sutudiyo? Ba zan ambaci suna ba, akwai nagari a Agege da Mushin da Yaba da Obalende. Ka shiga shagon da ƙafarka. Kada ka tsaya ga hotuna biyar da suka zaɓa suka sa a Instagram, ka ce a nuna maka albam ɗin biki guda daga farko har ƙarshe, kuma na mutane masu irin fatarmu da irin shigarmu. Ka duba fuskoki. Idan ka ga duk amaren sun koma farare, fata sumul kamar roba, ka fita. Wannan ɗabi'a ta bilicin a kwamfuta tana ɓata mini rai matuƙa. Yarinya baƙa kyakkyawa, a mayar da ita wata daban, shekara ashirin nan gaba 'ya'yanta su kalli hoton su kasa gane uwarsu. Gyara na gaskiya shi ne a cire ƙurji, a rage ƙyallin gumi, a daidaita launi, a bar mutum da kamanninsa.

Ku yi magana a rubuce kafin ka ba da kafin alƙalami: mutum nawa za su zo, awa nawa, hotuna nawa za a gyara, nawa za a wanke, albam mai shafi nawa, akwai firam ko babu, kuma wace rana za a karɓa. Ka tambaya ko suna da mace mai ɗauka, domin kamu da sa lalle da zaman mata ba kowane gida ne zai yarda namiji ya shiga ba, kuma mata sun fi sakin jiki da 'yar uwarsu. Ka faɗa musu ƙarara cewa ba a sa hoton amarya ko na wata mace a shafinsu sai da izini. Ka sa su fito da wuri, cunkoson hanyar Legas ya sha sa mai hoto isowa bayan an shafa fatiha. Wajen karɓar aiki kuma ka je da filas ɗinka na ajiyar hotuna a zuba maka cikakkun hotunan. WhatsApp yana matse hoto idan ba a tura shi a matsayin fayil ba, ranar da za ku so wanke babba sai ya farfashe.

Sutudiyo na unguwa ba da biki kaɗai yake ci ba, kuma ya kamata ka san wannan tunda sana'ar kake so. Hoton fasfo da na biza shi ne cinikin kullum, kuma yana da ƙa'ida. Na bizar Amurka inci biyu ne tsawo da faɗi, farin bango, kuma tun 2016 ba a yarda da tabarau ba. Na ƙasashen Turai galibi milimita 35 da 45 ne. Hijabi ba ya hana, muddin fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa. Akwai wankin hoto, da farfaɗo da tsofaffin hotunan iyaye da suka fara cinyewa, da ɗaukar kayan 'yan kasuwa masu sayar da atamfa da turare da takalma ta intanet. Wannan na ƙarshen ma kana iya fara shi da waya, bakin taga, da farin kwali biyu.

Idan kun daidaita da masu sutudiyon, ka roƙi maigidan ya bar ka ka bi su ranar bikin, ka riƙe musu fitila, ka nuna musu wace ce gwaggo wane ne kawu, don baƙo ba ya sanin wanda bai kamata a manta da shi ba. Ka lura da inda yake tsayawa da inda yake tsayar da mutane. A tsakani ka ɗauki naka da waya: hannun amarya da lalle, tukwane a kan wuta, Hajiya tana yi mata nasiha a ɗaki. Waɗannan ɗan gida ne kaɗai ke kaiwa gare su. Idan kun saba, ka nemi ya karɓe ka kana zuwa shago ko da Asabar da Lahadi ne.

Kafin nan ga aikin wannan mako. Ka sa wani ɗan uwa ya saka farar riga, ka ɗauke shi sau uku: a tsakiyar rana da ƙarfe ɗaya, a bakin ƙofa cikin inuwa a wannan lokacin dai, sannan a waje da ƙarfe shida saura kwata. Kada ka gyara komai. Ka turo su nan yadda suke, in sha Allah zan duba in gaya maka abin da na gani.