Wace fistol ce za ta dace da uwargida mai ƙananan hannaye?

Ɗan'uwa, ka ce kuna Amurka, uwargida tana son koyon harbin allo amma hannunta ƙarami ne. Ku tsaya kan harsashin .22 LR, ba ya girgiza hannu, ga araha.

Cikin fistol masu harba wannan harsashi, Ruger SR22 tana zuwa da rigar mariƙi iri biyu, siririya da mai kauri, kuma ba ta da nauyi. Idan saiti ne a gabanta, ni na fi son Ruger Mark IV 22/45 Lite, wankinta ma da sauƙi.

Amma don Allah kada ka saya mata a bayan idonta. Ku je filin harbi da ke ba da hayar bindigogi, ta riƙe da kanta. Ku tabbata gaɓar farko ta ɗan'alinta ta kai kunamar bindigar ba tare da ta karkatar da hannu ba.